Darasi Na Tara: Irin Shuka Da Abin Da Ke Cikin Ƙwayarsa

A ƙasar Gusau da Tsafe da Bungudu, in aka tambayi magidanci yadda damina ta kasance, da dami yake ba da amsa, ko da buhu. Zai ce ya ɗaure dami kaza na gero, kaza na dawa, ya sami buhu kaza na masara. Wannan lissafi shi ne na farko, kuma ba a raina shi, domin gidan da rumbunsa ya ƙare tun tsakiyar damina ba ya da sukunin wata magana. Sai dai akwai lissafi na biyu da ba mu saba yi ba. Tiyar hatsin da aka ɗebo daga rumbu aka kai niƙa, me ke cikinta da zai gina jikin yaro, ko ya ƙara wa mai juna biyu jini? A wannan darasi za mu ɗauki lissafin biyu tare, mu ga yadda irin da muka zuba a rami yake da hannu a kowannensu.

Yunwa iri biyu

Yunwa ta farko kowa ya san ta, har sunaye kakanninmu suka ba ta. Wadda aka yi a 1914 ita ce Kakalaba. Wadda aka yi a 1942 kuwa sunan Gusau aka laƙaba mata, ana ce mata 'Yar Gusau. Da yawa daga cikinku sun ga farin 1973 da na 1984 da idonsu, ko sun ji labarinsa daga bakin iyayensu. Wannan yunwa ba ta ɓoyuwa: rumbu ya zama wayam, hatsi ya yi tsada a kasuwa, a sayar da akuya, a sayar da tunkiya, wani ma ya jinginar da gona.

Ta biyu ita ce ma'aikatan lafiya ke kira ɓoyayyiyar yunwa. Yaro na cin tuwo dare da rana, cikinsa a cike, amma jikinsa bai samun wasu sinadarai da yake bukata kaɗan-kaɗan kullum. Uku daga cikinsu sun fi damunmu. Sinadarin ƙarfe, wanda a asibiti ake ce wa ayon, da shi jiki ke yin jini. In ya yi ƙaranci sai a ga tafin hannu da cikin ido sun yi fari, ga kasala, ga haki, mace mai ciki kuma ta shiga haɗari wurin haihuwa. Zinki yana taimakon girma da warkewar gudawa. Bitamin A yana tsare ido da ƙarfin jiki wajen yaƙar cuta. Rashinsa ne ke kawo dundumi, yaro ya riƙa lalube da magariba ta yi, kuma in ƙyanda ta same shi a wannan hali takan yi masa mummunan kamu.

Binciken lafiyar jama'a da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A shiyyar arewa maso yamma adadin ya kai kashi 57. A maganar ƙarancin jini kuwa, binciken ya nuna kashi 68 cikin 100 na ƙananan yaran ƙasar nan ke da shi, kuma Zamfara ce ta fi kowace jiha, da kashi 84. Ku tsaya a kan wannan adadi. Cikin yara goma da ke wasa a ƙofar gida a Magami ko Nahuce ko Yandoto, takwas jininsu bai cika ba, a jihar da takenta noma ne. Ba abinci kaɗai ke jawo haka ba. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da sikila duk suna shan jini. Amma abinci na da kaso babba, kuma shi ne ɓangaren da manomi da uwargida ke da iko a kansa tun daga gona.

Gwamnati ta wajabta a sa sinadarin aidin cikin gishiri, a kuma ƙara bitamin A cikin fulawa da sukari da man girki na kamfani. Dabara ce mai amfani ga mai sayen abincin kanti. To amma mutumin Yankuzo ko Kwatarkwashi geronsa yake nomawa, a surfa a gida, a kai injin unguwa a niƙo, ba ya bi ta hannun wani kamfani. Wannan ne ya sa masana suka ce a sa sinadarin cikin irin kansa, yadda duk wanda ya shuka zai girbe shi tare da hatsinsa.

Gyaran iri ba baƙon abu ba ne

Kafin a kafa wata cibiyar bincike, manoma ne masu gyaran iri. Gero asalinsa ciyawar daji ce a yankin Sahel, wajen ƙasar Mali ta yau, kuma fiye da shekara 4,000 ke nan da mutane suka mayar da shi abin shuka. Dawa daga gabashin Sudan ta fito. Masara kuwa baƙuwa ce daga Meziko, ba ta iso Afirka ba sai bayan shekara ta 1500. Duk lokacin da dattijo ya shiga gona da kaka ya ware manyan zangarnu masu cikakkiyar ƙwaya, ya ɗaure su daban ya rataye don baɗi, aikin gyaran iri yake yi. Da haka aka sami ƙaura da farafara, aka sami gero mai saurin nuna da maiwa mai jinkiri.

Irin gadon nan yana da hikimar da sai daga baya masu bincike suka fahimce ta. Dawarmu ta gargajiya tsawon rana take bi. Ko an shuka ta da wuri ko an makara, takan jira har rana ta fara gajarta, sannan ta fid da kai daidai lokacin da ruwa ke shirin ɗaukewa, sai ƙwayar ta nuna cikin bushewa, ba ta yi baƙi ba. Ga dogon kara na danga da rufi da abincin shanu. Don haka kada wani ya fito daga wannan aji da tunanin cewa irin kakansa abin zubarwa ne. Masu bincike ma daga irin gadon suke ɗaukar kayan aikinsu, suna yawo ƙauye-ƙauye suna tattara shi suna adanawa.

Abin da ya canja shi ne yanayin da muke noma a ciki. Ruwan da yankinmu ke samu a shekara yakan kama tsakanin milimita 800 zuwa 1,000, amma zuwansa ba tabbas: ya yi jinkirin sauka, ko ya tsaya mako biyu ko uku bayan an yi shuka, ko ya ɗauke hatsi na tsakar ɗaukar ƙwaya. Ƙasa ta gaji saboda an daina barin saura, ƙuduji ya mamaye gonaki. Gonar da uba ya noma shi kaɗai yanzu 'ya'ya shida sun raba. A kan wannan duka ga rashin tsaro, wanda ya raba dubban mutanen Tsafe da Bungudu da kudancin Gusau da manyan gonakinsu na daji, ya bar su da 'yar gonar bakin gari. Wanda filinsa ya ragu, kwanakin da zai iya yi a gona suka ragu, dole kowace kunya ta ba shi fiye da da.

Abin da Gusau ta taɓa gani

Mun taɓa ganin yadda sabon iri ke canja abincin ƙasa baki ɗaya. A tsakiyar shekarun 1970, da taimakon Bankin Duniya, aka buɗe shirye-shiryen bunƙasa noma guda uku na farko a Najeriya, a Funtuwa da Gusau da Gwambe. Aka yi hanyoyin karkara, aka kafa wuraren sayar da taki da iri, aka baza malaman gona. Kafin wannan lokaci masara abar bayan gida ce, ana shuka ta inda ake zuba toka da shara, a gasa a ci ɗanya kafin gero ya nuna. Sai aka kawo farar masara mai suna TZB, wadda cibiyar IITA ta Ibadan ta fitar, ga kuma takin zamani mai rahusa. Cikin 'yan shekaru masara ta fita daga bayan gida ta shiga manyan gonaki, tuwonta ya zama abincin yau da kullum.

Rumbuna sun cika, wannan gaskiya ne. Amma akwai abu biyu da suka biyo baya. Masara mai cin taki ce, don haka da tallafin taki ya janye, farashi ya hau, sai ƙaramin manomi ya ga gonarsa ta yi ɗorawa, goyo bai fi tafin hannu ba. Na biyu, farar masara kusan ba ta da bitamin A ko kaɗan, sinadarin ƙarfenta kuma bai kai na gero ba. A gidajen da tuwon masara ya ture gero da wake, an ƙoshi amma jiki bai ƙaru ba. A wancan zamani duniya duka awon buhu take yi. Gajeriyar alkamar Norman Borlaug, wadda ta sa aka ba shi lambar Nobel a 1970, da shinkafar IR8 da aka fitar a Filifin a 1966, sun ceci miliyoyin mutane a Indiya da Pakistan daga yunwa ta farko. Maganar yunwa ta biyu sai daga baya aka waiwaye ta.

Yadda ake samar da sabon iri

A Najeriya an raba aikin. Cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, wadda ta faro tun 1922 kuma take ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ita ke da alhakin dawa da masara da wake da gyaɗa da auduga. Shi ya sa sunayen irinta ke farawa da SAM: SAMSORG dawa ce, SAMMAZ masara, SAMPEA wake, SAMNUT gyaɗa. Gero da alkama suna hannun cibiyar binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri. Suna aiki tare da IITA da kuma cibiyar bincike ta ICRISAT, wadda ke da babbar tasha a Sadore kusa da Yamai da ofishi a Kano.

Aikin kansa na haƙuri ne. Mai bincike zai sami wata dawa mai jure ƙuduji amma ba ta da yawan ƙwaya, da wata mai yawan ƙwaya amma ƙuduji na kashe ta. Sai ya ɗauki bununin ɗaya ya zuba wa ɗaya, ya rufe zangarniyar da takarda don kada iska ta kawo wani bununin. Cikin ɗaruruwan 'ya'yan da za su fito zai zaɓi 'yan kaɗan da suka haɗa halin iyaye biyu, ya sake shukawa, ya sake zaɓe, damina bayan damina. Daga nan a gwada a tashoshi daban-daban, a gwada a gonakin manoma, sannan kwamitin ƙasa ya zauna ya amince a fitar da shi da suna. Sau da yawa abin kan ci shekara takwas zuwa goma. Gebisa Ejeta, mutumin Habasha, shekaru masu yawa ya yi a kan ƙuduji da fari kafin ya fitar da dawa mai jure su, aka ba shi babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 2009.

Akwai bambancin da ya wajaba kowane manomi ya riƙe, domin rashin saninsa na jawo asara duk shekara. Ingantaccen iri kashi biyu ne. Akwai wanda ake iya ajiyewa: ka shuka, ka zaɓi mai kyau daga amfanin, ka sake shukawa baɗi, har damina uku kafin ka sabunta. Akwai kuma mai aure, wanda ake ce wa haibirid, da ake samu ta haɗa iyaye biyu na musamman. Shukar farko takan fito bai ɗaya, da ƙarfi da yawan amfani. In ka ɗebi iri daga cikin amfaninta ka mayar gona, sai ta rarrabu, wata doguwa wata gajeriya, amfani ya faɗi. Mai aure sai an sayi sabo kowace shekara, kuma ba ya nuna kansa sai da isasshen taki. Wanda ba shi da tabbacin kuɗin iri da taki baɗi, irin ajiyewa ya fi masa kwanciyar hankali.

Ire-iren da aka gyara don gina jiki

Mu fara da gero, domin shi ne ya fi dacewa da jigawa da ƙarancin ruwa, kuma tun asali ya fi masara da shinkafa sinadarin ƙarfe da zinki. Da yawanku sun san SOSAT, wanda aka fitar a Najeriya a shekara ta 2000, mai nuna cikin kimanin wata uku, da ƙanensa Super SOSAT. Waɗannan don yawan amfani da jure cuta aka yi su. A 2018 kuma maƙwabtanmu na Nijar suka fitar da wani gero mai suna Chakti, wanda shi ne geron farko a Afirka da aka gyara musamman don sinadarin ƙarfe. A kowane kilo yana ɗauke da kimanin miligiram 65, alhali geron da aka saba yana da wajen 47. Yana nuna cikin kwana 65 zuwa 70. Saurin nan alheri ne ga gidan da abinci ya yanke wa a watan Agusta, amma yana da wahalarsa: in kai kaɗai ka shuka shi a yankinku, gonarka ce za ta fara nuna, tsuntsayen gari duka kanta za su sauka. Maganin wannan shi ne maƙwabtan gona su haɗa baki su shuka tare.

Ko wannan ƙarin yana isa jini? An gwada. A jihar Maharashtra ta Indiya an ciyar da 'yan makaranta 246, masu shekara 12 zuwa 16, da gurasar gero tsawon wata shida, rabi da gero mai yawan ƙarfe, rabi da wanda aka saba. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna cewa waɗanda suka ci mai yawan ƙarfen sun fi saurin fita daga ƙarancin sinadarin.

A ɓangaren dawa, a 2016 aka fitar da SAMSORG 45, wadda aka gyaro daga wata dawa mai suna Deko. Tana nuna da wuri, kuma an zaɓe ta ne saboda yawan sinadarin ƙarfe a ƙwayarta.

Masara an gyara ta ta hanya biyu. Furotin ɗin masarar da aka saba gurgu ne, domin yana da ƙarancin wasu ginshiƙai biyu da jikin yaro ke bukata don girma. A farkon shekarun 1960 masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka gano wata masara mai ninkin waɗannan ginshiƙai, sai dai ƙwayarta taushi gare ta, ƙwari na cinye ta a rumbu. Wasu masana biyu, Evangelina Villegas da Surinder Vasal, suka shafe shekaru a Meziko har suka mayar da ita mai tauri kamar kowace masara. Gana ta fitar da irinta a 1992 da sunan Obatanpa, ita ce kuma Samaru ta fitar mana a matsayin SAMMAZ 14. Fara ce, a ido ba ta da bambanci da sauran, kuma ana iya ajiye irinta.

Hanya ta biyu ita ce masara mai bitamin A, wadda aka fara fitarwa a Najeriya a 2012, Samaru kuma ta biyo da SAMMAZ 38 da 39. Launinta ruwan lemo ne mai duhu, ya fi na jar masarar da ake ba kaji. Wannan launi shi ne sinadarin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A. A Zambiya an gwada ta a kan ƙananan yara, aka ga ajiyar bitamin A ta jikinsu ta ƙaru. Na san abin da wasu za su ce: tuwo fari aka sani, jan tuwo na lokacin wahala ne. Al'adar baki gaskiya ce, ba a kawar da ita da wa'azi. Shawarata a fara da kunu da koko da ɗanwake na yara, da gasasshiyar masara, inda launi ba ya hana kowa ci. Wanda ya daɗe yana jan ragamar wannan tunani na sa sinadari cikin iri, Howarth Bouis, ya sami lambar yabo ta abinci ta duniya a 2016 tare da masana uku da suka yaɗa dankalin Hausa mai jan ciki a Afirka.

Duk waɗannan da na lissafa ta hanyar aure da zaɓe aka same su. Akwai wasu kuma da aka dasa wa ƙwayar halitta daga wata halitta daban a ɗakin bincike, kamar waken SAMPEA 20-T da aka fitar a 2019 don jure tsutsar da ke huda kwanso, da masarar TELA, SAMMAZ 72T zuwa 75T, da aka fitar a 2024 don jure tsutsa da fari. Hukumar da doka ta ɗora wa tantance irin waɗannan ta amince da su, amma ana ci gaba da muhawara a kansu a ƙasar nan. Haƙƙin manomi ne a faɗa masa a fili abin da ake sayar masa, ya zaɓa da saninsa.

Daga rumbu zuwa akushi

Wannan sashe ya fi shafar iyayenmu mata, amma maza su saurara, domin a nan ake zubar da abin da aka sha wahala a gona. Yawancin sinadarin ƙarfe da zinki suna zaune ne a bayan ƙwaya da cikin idonta. In aka yi surfe mai tsanani, aka wanke har tsaba ta yi fari fat, kaso mai yawa ya tafi cikin dusa, awaki ne suka ci riba. A sassauta surfe, musamman a garin kunun yara.

A cikin hatsi kuma akwai wani sinadari da ke riƙe ƙarfe da zinki ya hana hanji tsotse su. Jiƙa hatsi ya kwana, barin ƙullu ya yi tsami kamar na koko, ko barin ƙwaya ta ɗan tsiro kafin a shanya a niƙa, duk suna karya ƙarfinsa. Abu mai bitamin C yana taimakon shigar ƙarfe cikin jini: garin ƙwallon kuka a fura ko kunu, lemun tsami, tumatir, gwaiba. Shayi kuwa akasin haka yake yi, don haka a raba shi da lokacin cin abinci, musamman ga mai ciki. Bitamin A sai da maiƙo yake shiga jiki, cokali ɗaya na man gyaɗa ko ƙuli-ƙuli a kunun yaro ya wadatar. Kuma ba wani iri, komai gyaransa, da zai maye gurbin wake da gyaɗa da zogale da nono da ƙwai. Kunun da aka haɗa gero da waken suya da gyaɗa ya fi na gero zalla nesa ba kusa ba.

Masara mai bitamin A tana da wani hali: iska da zafi da haske suna cinye sinadarinta a hankali, cikin 'yan watanni sai ya ragu sosai, kuma gari ya fi tsaba saurin asara. A ajiye ta tsaba, a riƙa niƙa ta mako-mako. Buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ake kira PICS, yana hana iska shiga, ƙwari su mutu ba tare da an zuba guba ba. Sharaɗinsa hatsi ya bushe ƙarau kafin a ɗaure. Masara ko gyaɗar da aka shanya a ƙasa mai danshi tana yin fumfuna mai dafi wanda ke lalata hanta, yana kuma tsumburar da yara. A shanya a kan tabarma ko tamfol, a tsince duk ƙwayar da ta canja launi, kada a ce za a ba yara ko a yi ƙuli-ƙuli da ita.

Kafin ka saya, da bayan ka saya

Hatsin da aka auno a kasuwa aka rina shi da jan launi ba iri ba ne, kuma masu wannan ha'inci suna nan, sun fi yawa a makon da ruwa ya sauka kowa na gaggawa. Iri na gaskiya yana zuwa a rufaffiyar leda, da sunansa da lambarsa, da takardar shaidar hukumar kula da iri ta ƙasa, NASC. A kan wasu ledojin akwai wurin da ake kankarewa a tura lambar ta waya don a tabbatar. Ku nemi malamin gona na hukumar bunƙasa noma ta jiha ya faɗa muku irin da ya dace da ƙasarku, domin abin da ya yi kyau a laka mai riƙe ruwa ta kudancin Tsafe ba lalle ya yi a jigawar arewacin Bungudu ba. Inda ƙuduji ya yi yawa a tambayi masara mai jure shi, irin SAMMAZ 15, a kuma riƙa juya gonar da waken suya ko gyaɗa, a tuge ƙudujin kafin ya yi fure.

Mako biyu kafin shuka a gwada tsiro. A ƙirga ƙwaya 100, a jera a kan jiƙaƙƙen buhun algarara ko cikin yashi mai danshi, a riƙa yayyafa ruwa. Bayan mako guda a ƙirga waɗanda suka tsiro. In sun kai 85, iri lafiya lau. In sun gaza 70, a canja shi tun ba a yi asarar ruwan farko ba.

Mai ƙaramin ƙarfi kada ya watsa ɗan takinsa a faɗin gona. A Nijar masu bincike sun nuna cewa cikin murfin kwalbar lemo na takin NPK, kimanin giram 6, a kowane ramin gero ko dawa, a gefe kaɗan da irin, yana ƙara amfani sosai, musamman in an haɗa da takin gida.

Wanda zai ajiye irin masara ya tuna cewa iska ke ɗaukar bununinta daga gona zuwa gona. SAMMAZ 14 da aka shuka jikin wata masara, cikin damina biyu za ta gauraye ta rasa abin da aka saye ta dominsa, kuma ido ba zai gane ba. A zaɓi iri daga tsakiyar gona, daga goyo masu yawa, ba daga biyar ko goma ba. Gero ma haka yake gauraya. Dawa ta fi su riƙe kanta.

Gani ya kori ji. Kada kowa ya juye gonarsa duka zuwa irin da bai taɓa gani ba, ko wa ya yabe shi, har da wannan littafi. A ware kunya goma a sa sabon, goma a gefensu a sa na gida, a shuka rana ɗaya, a ba su taki da noma daidai wa daida. Da kaka a auna tsabar kowanne da tiya guda, a duba kara, sannan a miƙa wa uwargida ta surfa ta tuƙa, ta faɗi yadda ya yi a turmi, da ko tuwon yana kwana bai saki ba. Irin da ya faɗi a wannan jarrabawa ta madafa ba ya daɗewa a gari, komai yawan buhunsa.

Tambayoyi da aiki

1. Faɗi alamomi biyu na ƙarancin sinadarin ƙarfe, da alama ɗaya ta ƙarancin bitamin A.

2. Me ya sa ba a mayar da irin masara mai aure gona a shekara ta biyu?

3. Manomi ya gwada ƙwaya 100, guda 64 suka tsiro. Nawa ne ba su tsiro ba, kuma wace shawara za ku ba shi?

Aikin gida: kowane ɗalibi ya zauna da wani dattijo ko dattijuwa a unguwarsu, ya rubuto sunayen ire-iren gero da dawa da ake shukawa a garin a da, da waɗanda suka rage yanzu, da dalilin da ya sa aka bar waɗanda aka bari. A zo aji mai zuwa da abin da aka rubuta, tare da cikin tafin hannu na irin da za a shuka bana, domin mu yi gwajin tsiro tare.